Mutumin da gawarsa ta fi shi daraja

Wanda ya san Amurka ta finafinai kaɗai ya san ƙasar da mutum guda ke ceton duniya kafin a tashi daga kallo. Akwai wata Amurkar da ba ta cika zuwa wayoyinmu ba, wadda marubutan wasan kwaikwayo na dandamali suka shafe kusan shekara ɗari suna nunawa. A can babu jarumi. Uba ne ya dawo daga aiki a gajiye, uwa tana lissafin bashi a kan teburin cin abinci, ɗa ya girma ya rasa inda zai sa kansa. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a cikin uku daga manyan wasannin ƙasar, kuɗi mafi kauri da iyalin gidan suka taɓa gani, ko suke sa ran gani, ba daga gumin mai rai ya fito ba. Daga mutuwar mutum ya fito, ko daga nakasarsa. Marubuta uku ne daban, ɗaya Bayahude ɗan Niyok, ɗaya baƙar fata 'yar Shikago, ɗaya baƙar fata ɗan Pittsburgh, amma duk lissafinsu wuri ɗaya ya tsaya.

Na farko shi ne wasan Arthur Miller mai suna Death of a Salesman, wato mutuwar ɗan tallan kamfani, wanda aka fara nunawa a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta Niyok, a watan Fabrairun 1949, aka yi ta maimaita shi har sau 742. Willy Loman yana da shekara 63. Shekara 34 yana ɗaukar akwatunan samfuri a mota yana yawo gari gari yana tallar kayan kamfani ɗaya. Miller bai taɓa gaya mana ko mene ne a cikin akwatunan ba, kuma bai ma dame mu ba. Da ƙarfi ya fara ƙarewa sai kamfanin ya yanke masa albashi, ya bar shi da la'ada kawai, kamar sabon yaro. Ciniki kuma babu. Duk mako sai ya je wajen maƙwabcinsa Charley ya ranto dala 50, ya kawo wa matarsa Linda a matsayin abin da ya samo. Ita kuma ta san gaskiya, ta karɓa ba ta nuna masa ba.

Wurin da ya fi ci min rai a wasan shi ne ofishin Howard, ɗan marigayi mai kamfanin. Willy ya shiga ne don ya roƙi a bar shi ya yi aiki a cikin gari, ya huta da tuƙi. Ya tarar da yaron ya sayi sabuwar na'urar naɗar murya, yana ta kunna masa 'yarsa tana fito, ɗansa yana jero sunayen manyan biranen jihohi. Dattijo yana son ya yi maganar abincinsa, ana ce masa ya yi shiru ya saurari yara. Da ya samu baki sai ya ce dala 65 a mako ta ishe shi. Ya sauko 50. Ya sauko 40. Ya tuna wa yaron cewa ya san mahaifinsa, ya san ranar da aka haife shi. Ya shiga neman sauƙin aiki, ya fito babu aikin ma gaba ɗaya. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, kuma Howard bai ɗaga murya ba, bai zage shi ba. Wannan ne ya sa abin ya fi zafi: ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai da ke duba agogo.

Abin da ya rage wa Willy shi ne takardar inshorar rai ta dala 20,000. Shi da kansa ya lissafa ya ga bayan duk waɗannan shekaru, ya fi tsada a mace. Ya fita da mota cikin dare ya hallaka kansa don babban ɗansa Biff ya samu jari. Kada wani ya ce Miller yana yabon kisan kai, bai yi ba. Tun kafin nan an nuna mana cewa masu inshorar suna zargin haɗurran da yake yi da gangan ne, kuma wasan ya ƙare ba a ce mana an biya kuɗin ba. Jana'izar da ya ƙiyasta za ta cika da abokan ciniki daga jihohi, iyalinsa ne kawai da maƙwabci da ɗansa. A ranar ce kuma Linda ta biya kason ƙarshe na bashin gida, bayan shekara 25, ga shi babu wanda zai zauna a ciki.

Ku lura da shekarar. A 1949 Amurka ba ta cikin yunwa. An gama yaƙin duniya na biyu, masana'antu suna aiki, ana gina sababbin unguwanni, firji da mota suna shiga gidajen talakawa. A tsakiyar wannan wadatar Miller ya ɗago mutumin da ya faɗi. Shi ya san faɗuwa a gida: mahaifinsa mai kamfanin ɗinka rigunan sanyi ne, karayar kasuwar hannun jari ta 1929 ta tafi da arzikinsa. Zuwa 1933 kusan kashi 25 cikin ɗari na ma'aikatan ƙasar ba su da aiki. A tsakanin nan ne, a 1931, wani masanin tarihi, James Truslow Adams, ya yaɗa maganar nan ta burin Amurka, cewa ƙasa ce da kowa zai kai inda ƙoƙarinsa ya kai shi ko da ɗan wa ne.

A ganina daga wannan alkawarin cutar take. Idan aka gaya wa mutum tun yana yaro cewa hanya a buɗe take, duk wanda ya yi ƙoƙari zai samu, to ranar da bai samu ba, wa zai zarga? Kansa. A wajenmu idan ɗan kasuwa ya karye ana cewa Allah ne ya nufa, yana da wurin zama a majalisa, ba a daina gaishe shi ba. Willy ba shi da wannan mafakar. Charley ya yi masa tayin aiki fiye da sau ɗaya ya ƙi, domin karɓa tamkar amsa laifi ne. Ya gwammace rance da sunan zai biya. Yanke ƙauna a waɗannan wasannin ba rashin abinci ba ne, rashin inda mutum zai ajiye kunyarsa ne. Shi ya sa take komawa kan mata da 'ya'ya.

Kuma fa ba ina cewa namu tsarin ya fi ba ne. Maganar ƙaddara ma akwai masu amfani da ita wajen toshe bakin wanda aka cinye wa fansho. Ga kuma masu wa'azin kuɗi a Facebook da TikTok da ke gaya wa samarinmu cewa duk wanda ya kai shekara talatin bai yi mota ba malalaci ne. Wannan karatun Willy Loman ne sak, da shi ya tarbiyyantar da 'ya'yansa biyu.

Wani abin dariya mai ban haushi: da kamfanin Columbia ya mayar da wasan fim a 1951, sai suka ji tsoron kada a ce suna zagin kasuwancin Amurka. Suka shirya wani ɗan gajeren fim da za a riƙa haskawa kafin babban, inda ake bayanin cewa sana'ar talla sana'a ce mai kyau, Willy ne dai bai iya ba. Miller ya tayar da ƙayar baya, aka janye shi. A 1956 kuma kwamitin majalisa mai farautar 'yan gurguzu ya kira shi, ya ƙi ba da sunayen mutane, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 1958.

Shekara goma bayan Willy, a Maris 1959, Lorraine Hansberry ta kawo A Raisin in the Sun, wasa na farko da baƙar fata mace ta rubuta aka nuna a Broadway. Ba ta cika shekara 29 ba a lokacin. A nan uban ya riga ya mutu tun kafin a ɗaga labule, aiki ne ya cinye shi. Iyalinsa biyar suna cunkushe a wani ƙaramin gidan haya a kudancin Shikago, banɗaki ɗaya suke rabawa da maƙwabta, jikan gidan yana kwana a kan kujerar falo. Duk suna jiran ɗan aike ya kawo cakin inshora na dala 10,000.

Hansberry ta iya nuna talauci ba tare da ta ambaci sunansa ba. Da safe yaro ya ce malama ta ce a kawo kwabo hamsin makaranta. Uwarsa Ruth ta ce babu. Ubansa Walter, direban wani attajiri ne, ya ji zafin a ce wa ɗansa babu, ya zaro ya ba shi, ya ƙara masa wani hamsin ɗin yana kallon matarsa. Yaro na fita, shi ma ya tashi tafiya aiki, sai ga shi ya dawo yana neman kuɗin mota a wajen matar. Duk magidancin da ya taɓa yin kyautar da ba shi da halinta don kada ya faɗi a idon 'ya'yansa ya gane wannan.

Uwar gidan, Lena, ta ɗauki 3,500 ta ba da kafin alƙalami na wani gida a unguwar fararen fata, don a can ne ta samu mai araha. Sauran 6,500 ta damƙa wa Walter, ta ce ya ware 3,000 na karatun likitancin ƙanwarsa Beneatha. Ya kwashe duka ya zuba a haɗin gwiwar buɗe shagon giya, abokin huldar ya gudu da su. Ran mahaifinsu ke nan ya tafi a aljihun ɗan damfara. Ana cikin haka ga wakilin 'yan unguwar, cikin ladabi da murmushi, ya zo da tayin za su sayi gidan da riba muddin iyalin ba za su tare ba. Akwai ma wani ɗalibi Bayarabe daga Najeriya a wasan, Asagai, mai neman Beneatha, kuma shi ne ya tambaye ta ko babu matsala a gidan da duk burin mutanensa ya rataya a kan mutuwar mutum guda. Tambayar da ni ma nake yi ke nan, sai dai ba gidan kaɗai nake nufi ba.

A ƙarshe Walter ya ƙi sayarwa, suka kwashe kaya suka tare. Da yawa daga 'yan kallo suka tafa, suka ce ga wasan da ya ƙare da daɗi. Ni ban ga daɗin ba, kuma marubuciyar ta fi kowa sanin babu shi. Tana yarinya mahaifinta ya sayi gida a irin wannan unguwar a Shikago, aka yi musu taron dangi, aka jefo dutse ta taga ya kusa samunta, mahaifiyarta tana kwana tana zagaya gida da bindiga. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1940. Iyalin da ke cikin wasan can suka nufa, babu jari, ga ciki a jikin Ruth, ga bashin gida duk wata.

Na uku shi ne Fences na August Wilson, na 1985, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1987. Pittsburgh ce a 1957. Troy Maxson ɗan shekara 53 yana kwasar shara. Gwani ne a wasan besbol, ƙwallon da ake bugawa da sanda, amma a zamaninsa ba a barin baƙar fata ya shiga manyan ƙungiyoyi, kuma kafin Jackie Robinson ya buɗe ƙofar a 1947 shekaru sun ja masa. Gidan da yake taƙama da shi, da dala 3,000 aka saya, kuɗin da gwamnati ta biya ƙanensa Gabriel wanda ya dawo daga yaƙin duniya da farantin ƙarfe a kai da taɓin hankali. Troy ya san da haka, kuma abin yana cinsa.

Wilson ya fi sauran taurin zuciya, domin bai bar mu mu tsaya a tausayi ba. Da wata kwaleji ta nemi ɗansa Cory saboda ƙwallo, Troy ya je ya rushe maganar. Yana cewa kare yaron yake yi daga wulaƙancin da shi ya sha. Akwai gaskiya a ciki. Akwai kuma hassada, ta uban da ba zai iya kallon ɗansa ya shiga ƙofar da aka rufe masa ba. Zalunci ya shigo daga waje, ya zauna a cikin mutum, ya fito ta bakinsa ya sauka a kan wanda ba shi da laifi. Bayan shekara 18 da aure ya zo wa matarsa Rose da labarin ya yi wa wata ciki, matar ta mutu wajen haihuwa, Rose ta karɓi jaririyar ta rena.

Matan nan ma wani babi ne. Linda, Lena, Ruth, Rose: su ne ke riƙe da lissafi, su ne suka san ainihin abin da ke cikin tukunya, mazan kuma su ne aka ba dogayen jawabai. Wannan ina ƙorafinsa, musamman a kan Miller.

Eugene O'Neill zan taɓa shi a gurguje, ko da yake shi ne babbansu, shi ne ya ci kyautar Nobel a 1936. Long Day's Journey into Night labarin gidansu ne a rana guda ta 1912: uwa ta kamu da jarabar allurar mofin, maganin kashe raɗaɗi mai sa maye, tun da wani likita mai araha ya fara yi mata bayan haihuwa, uba marowaci, ɗa mai tarin fuka. Ya ce kada a buga shi sai ya shekara 25 da mutuwa. Ya rasu a 1953, matarsa ta sake shi a 1956. Wanda ya karanta shi yau zai tuna cewa a 2021 kaɗai mutum fiye da 100,000 ne shan ƙwaya fiye da kima ya kashe a Amurka, kuma annobar ta samo tushe ne daga magungunan kashe raɗaɗi da likitoci ke rubutawa.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne na baya bayan nan, Sweat na Lynn Nottage, na 2015. A 2011 ƙididdiga ta nuna garin Reading na jihar Pennsylvania ya fi kowane gari mai girmansa talauci a ƙasar, fiye da kashi 40 cikin ɗari. Ta yi ta zuwa garin tana hira da mutane kafin ta rubuta. Wasan yana kai da komo tsakanin 2000 da 2008, galibinsa a wata mashaya da ma'aikatan masana'antar ƙarfe ke haɗuwa. Tracey farar fata, Cynthia baƙar fata, aminai ne na fiye da shekara ashirin a bakin inji ɗaya, 'ya'yansu maza ma aminai. Aka ƙara wa Cynthia girma, sai aka sa ta ita ce mai sanar da ƙawayenta cewa za a zabge albashi. An kwashe injuna cikin dare, ana maganar za a mayar da aikin Meziko saboda yarjejeniyar kasuwanci ta 1994 tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, aka kulle ƙofa ma'aikata suna waje.

Masu kamfanin ba su taɓa fitowa a dandamali ba, ko sau ɗaya. To fushin ina zai je? Tracey ta fara cewa don Cynthia baƙa ce aka ba ta muƙamin. Sai kuma kowa ya juya kan Oscar, yaron da ke goge tebur a mashayar, ɗan asalin Kolombiya amma haifaffen yankin, don ya karɓi aikin wucin gadi a masana'antar. Ɗan Tracey da ɗan Cynthia suka far masa, mai kula da mashayar ya shiga rabo aka buga masa sanda a kai, ya nakasa har abada. Suka yi shekara takwas a kurkuku. Ɗaya ya fito da zanen masu aƙidar fifikon farar fata a fuska. Tracey ta koma ƙwaya, Cynthia ta rasa gidanta. A nan an samu nakasasshe, amma babu caki, babu inshora, babu ko gidan da za a yi faɗa a kansa. An buɗe wasan a Niyok 'yan kwanaki kafin zaɓen Nuwamban 2016, wanda Donald Trump ya ci Pennsylvania, jihar da jam'iyyarsa ta rabu da ci tun 1988. Wanda ya san Kakuri a Kaduna kafin masaƙu su rufe da kuma bayan sun rufe ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin yadda unguwar ma'aikata ke sauyawa idan jiniya ta daina kira.

Na san za a ce waɗannan marubuta suna baƙanta ƙasarsu ne, miliyoyi sun je Amurka sun yi arziki. Gaskiya ne sun yi, kuma wasannin ba su musa ba. Bernard ɗan Charley ya zama lauya har yana zuwa Kotun Ƙoli, katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan Loman. Tambayar marubutan ita ce me ƙasa ta tanadar wa wanda bai ci ba, alhali ta san ba kowa ne zai ci ba. Ƙorafin da na fi yarda da shi wani ne daban: su wa ke kallo? Tikitin Broadway a matsakaici ya haura dala 100. Mai kwasar shara irin Troy ba zai shiga ba. Wanda ke zaune a kujerun gaba yana share hawaye don Willy, sau da yawa shi ne Howard, gobe da safe zai koma ofis. An taɓa gwada gyara wannan: daga 1935 gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin wasanni masu araha a faɗin ƙasar, har da masu magana kan matsalar gidaje, majalisa ta yanke kuɗin a 1939 bisa zargin gurguzu. Nottage ma ta kai nata wasan Reading, a 2018 kuma aka zagaya da shi kyauta a ƙananan garuruwan jihohi biyar. Abin a yaba ne, amma bai sauya wanda ya mallaki zauren ba.

Wanda yake son ya fara, Fences ya fi sauƙin samu, tunda an yi fim ɗinsa a 2016 da Denzel Washington da Viola Davis, kuma kusan ba a taɓa kalaman wasan ba. Magana ce zalla a tsakar gida har fiye da awa biyu, babu harbi, babu tseren mota, don haka kada wani ya zo ya ce ban gaya masa ba.